Jijiyar jinin da ta bi wata hanya tun daga ciki: a gaya wa majiyyaci ko a yi shiru?

Malam Sali, ma'aikacin ɗakin hoto, Garwa

Assalamu alaikum. Akwai maganar da muke yawan ja-in-ja a kanta a wurin aiki, na ga ya dace in kawo ta gabanku tunda a cikinmu akwai likitoci da nas-nas da ɗalibai. Tun da na'urar sikana, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, ta samu a biranenmu na arewacin Kamaru, aka kuma riƙa yi wa mutane allurar ruwan da ke haska jijiyoyin jini, muna cin karo da waɗanda jijiyoyin wuyansu ko na kansu ba su bi hanyar da littafi ya zana ba, ba don wani ciwo ya karkatar da su ba, sai don haka aka halicce su. An turo mana wata baiwar Allah mai maƙoƙo domin a ga iyakar inda kumburin ya gangara cikin ƙirji kafin a yi mata aiki. A hotonta, babbar jijiyar awota, wadda ke fitowa daga zuciya, ta fitar da rassa huɗu maimakon uku, na huɗun kuwa, wanda shi ne ke kai jini hannun dama, ya fito daga can ɓangaren hagu, ya ratsa ta bayan hanyar abinci, sannan ya haura dama. Idan kana bin hoton yanka bayan yanka, za ka ga hanyar abincin ta ɗan lotsa daga baya daidai inda jijiyar ta gifta. Matar ba ta taɓa kuka da wahalar haɗiya ba. Wasu abokan aiki na cewa irin wannan a ambace shi a takardar sakamako a kuma yi wa mai jiki bayani, wasu na cewa tayar da hankali ne kawai. Mene ne ra'ayinku?

Dokta Abakar, likitan tiyata, Injamena

Wa alaikumus salam, Malam Sali. A wurina wannan ba abin ja-in-ja ba ne, musamman ga mai maƙoƙo. Jijiyar saƙon da ke motsa igiyar murya ta dama, a yawancin mutane, tana gangarawa ne ta zagayo ta ƙarƙashin jijiyar jinin hannun dama, sannan ta hauro ta gefen maƙogwaro, kuma a wannan kwarin ne hannun likita ya saba nemanta. Wanda jijiyar hannunsa ta fito daga hagu ta bi ta bayan hanyar abinci, jijiyar muryarsa ba ta da abin da za ta zagaya, saboda haka takan shigo kai tsaye daga sama ko daga gefe, a wurin da likita yake ɗaure ƙananan jijiyoyin jini yana yankewa da sakakkiyar zuciya. In aka yanke ta, mutum ya farka da dasasshiyar murya, wataƙila har ƙarshen rayuwarsa, ga ƙwarewa in ya sha ruwa. Layi guda a takardarku shi ne zai sa in rage sauri in neme ta inda take. Wannan halitta ana samunta a wajen mutum 1 cikin 100, a wajen kashi 80 cikin 100 na masu ita kuma ta bayan hanyar abinci take bi. Ku dubi yawan maƙoƙon da ake cirewa tsakanin Ngaundare da Marwa da nan wurinmu, za ku ga cewa ko ba daɗe ko ba jima kowane likitan tiyata zai haɗu da ita.

Dokta Fadimatu, Marwa

Dokta Abakar ya yi magana daga ɗakin tiyata, ni kuma zan yi daga ɗakin duba marasa lafiya, inda takardar take ƙarewa. Ban musanta cewa mai maƙoƙo a rubuta masa ba. Amma mafi yawan waɗanda ake ganin irin wannan a jikinsu ba tiyata za a yi musu ba, an ɗauki hoton ne saboda ciwon kai ko haɗarin babur. Takardar da Faransanci ake rubuta ta, mai ita sau da yawa ba ya karantawa, sai ya kai wa ɗan makarantar da ke gidan, shi kuma ya ga doguwar kalma kusa da kalmar da ke nufin ƙwaƙwalwa, ya ce wa iyali jijiyar kan Baba ta karkace. Kafin su dawo wurina an riga an sayar da sa, an yi shirin hawa jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, wani kawu kuma ya ce sammu ne. Duk wannan a kan abin da mutum ya rayu da shi shekara hamsin lafiya lau. Zoben jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa, wanda Thomas Willis ya bayyana a 1664, ba ya cika daidai yadda aka zana shi a fiye da rabin mutane. To, idan za a jera kowane reshe da ya ƙanƙance ko ya ɓace, kusan babu wanda zai fita daga ɗakin Malam Sali ba tare da wani abin fargaba a hannunsa ba.

Alhaji Bappa, Kusuri

Ranku ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, sai ku yi haƙuri da tambayar wanda bai sani ba. Me ke jawo wannan tun farko? Wani abu ne uwa ta ci ko ta sha lokacin goyon ciki, ko kuwa gado ne da mutum zai bar wa 'ya'yansa?

Hamidu, ɗalibin likitanci, Garwa

Alhaji, da izinin malamaina zan faɗi abin da aka koya mana, su gyara inda na kauce. Tsakanin mako na 4 da na 8 na ɗan tayi, jijiyoyin wuya ba su da siffar da muka sani. Akwai wasu bakuna na jini da ke fitowa bibbiyu, dama da hagu, ana lissafa su har shida ko da yake na biyar ba ya yin wani abin kirki. Daga baya wasu su shanye, wasu su girma. Na uku shi ke zama jijiyar karotid, wato babbar jijiyar da ake jin bugunta a gefen wuya. Na huɗu na hagu ya zama lanƙwasar awota, na huɗu na dama kuma ya zama tushen jijiyar hannun dama. Idan na huɗu na dama ya shanye alhali ya kamata ya tsaya, sai hannun ya nemi jininsa ta wani sashe na baya wanda shi ne ya kamata ya ɓace, shi ya sa jijiyar ke fitowa daga ƙarshe ta ratso ta baya. Abin ya yi kama da burtalin da aka yi niyyar rufewa bayan an buɗe sabuwar hanya, sabuwar ba ta samu ba, sai dabbobi suka ci gaba da bin tsohon. A cikin kai ma haka ne: lokacin da ɗan tayi bai wuce 'yan milimita ba, akwai gadoji na wucin gadi tsakanin jijiyoyin gaba da na baya, waɗanda Dorcas Padget ta zana dalla-dalla a aikinta na 1948, kuma a wasu mutane ƙalilan ɗaya daga cikinsu takan ƙi rufewa.

Dokta Abakar, Injamena

Madalla, Hamidu, ba ka kauce ba. Alhaji, a taƙaice ba laifin uwa ba ne, ba kuma abinci ba ne, kuma a mafi yawan lokuta yakan zo ne shi kaɗai a gida ba tare da an gan shi ga iyaye ko 'ya'ya ba. An dai fi ganin wannan ta hannun dama a yaran da aka haifa da larurar Down da masu wasu cututtukan zuciya na haihuwa, shi ya sa in mai eko, wato mai duba cikin jiki da na'urar sauti, ya hango ta a jaririn da ke ciki yakan ƙara duba zuciyar da kyau.

Dokta Fadimatu, abin da nake tsoro a hujjarki shi ne wa zai yanke cewa wane ba zai taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Wanda aka ɗauka yau saboda haɗarin babur, bayan shekara goma yana iya kwanciya a sume da robar abinci a hanci na makonni, kuma an san cewa robar da ta daɗe tana gogar bangon hanyar abinci, da wannan jijiya a bayanta, tana iya huda tsakaninsu, ko da yake abu ne mai wuyar aukuwa. Sannan ba kowa ne yake zama lafiya da ita ba. Likitan Ingila David Bayford ya wallafa a 1794 labarin wata mata da wahalar haɗiya ta rame da ita har ta mutu, sai a fiɗar gawa aka ga jijiyar ce ta matse hanyar abinci. Akan ga alamun ne a jarirai ko kuma bayan an manyanta, lokacin da jijiya ta yi tauri, ko tushenta ya buɗe ya zama 'yar jaka irin wadda Kommerell ya bayyana a Jamus a 1936.

Hajiya Dudu, tsohuwar nas, Ngaundare

'Ya'yana, ku duka biyu kuna da gaskiya, amma kun tsallake abin da ya fi damuna. A nan ƙasar ba asibiti ne ke riƙe tarihin mutum ba, karnensa ne, wato ɗan littafin asibiti da ke hannunsa. Fim ɗin hoto yakan ƙare a ƙarƙashin katifa har zafi ya manne shi, faifan kuma yara su yi wasa da shi, amma karne mace takan naɗe shi a leda ta ajiye tare da katin zaɓe. Saboda haka ko an rubuta a takardar sakamako, in ba a kwafe shi a shafin farko na karne ba, kusa da rukunin jini da magungunan da jiki ba ya karɓa, kamar ba a rubuta ba ne. Batun tsoro kuma, a ganina ba rubutun ne ke kawo shi ba, shirun da ke biyo bayansa ne. Na ga yadda fuskar mutum ke saki idan aka zaunar da shi aka ce masa da Hausa ko Fulatanci: haka Allah ya yi ka, ba ciwo ba ne, ba ya buƙatar magani, amma duk ranar da za a sa maka wuƙa a wuya ko a maƙogwaro ka nuna wannan shafi. Wannan bayanin bai kai minti biyar ba, sai dai ba wanda aka ɗora wa alhakin yinsa, mai hoto yana ganin aikin likita ne, likita yana ganin layi ya yi tsawo a ƙofa.

Dokta Yaya, likitan kunne da hanci da maƙogwaro, Garwa

Hajiya ta kawo mu inda nake so. A fannina akwai nau'i biyu da ba na yarda a yi shiru a kansu ko kaɗan. Na farko shi ne karotid ta ciki, wato reshen da ke kai jini ƙwaƙwalwa, da ke lanƙwasowa ta matso bayan bangon maƙogwaro, wani lokaci har ta dama da ta hagu su kusa haɗuwa a tsakiya. Idan ka danne harshe ka haska fitila, za ka ga wani tudu mai santsi a bayan maƙogwaro ko a gefe, fatar wurin lafiyayya, amma in ka tsaya ka zuba ido sai ka ga yana ɗagawa yana sauka tare da bugun zuciya. Wanda bai tsaya ba zai ɗauka ƙurji ne ya tara ruwa, ya ɗauko allura ko aska. Tsakanin bakin askar da jijiyar da ke ciyar da rabin ƙwaƙwalwa wani lokaci 'yan milimita ne kawai. Wasu da wannan aka haife su, wasu kuma tsufa da hawan jini ne suka tsawaita jijiyar har ta lanƙwashe, amma haɗarin ɗaya ne.

Na biyu ya fi wuyar samu. Karotid ɗin takan bi ta cikin kunnen tsakiya ba tare da ƙashin da ya saba raba su ba. Mai ita, sau da yawa mace, kuma an fi gani a kunnen dama, takan zo da kukan tana jin bugun zuciyarta a kunne, in ka leƙa kuma ka ga wani abu ja a bayan dodon kunne. Yana kama da ƙari, yana kuma kama da ruwan da ya taru. Ƙa'idata ita ce duk jan abin da ke bayan dodon kunne ba a huda shi, ba a kuma tsinko nama daga gare shi, sai an ɗauki sikana ta ƙashin kunne, ko da kuwa hakan na nufin majiyyaci ya jira ya haɗa kuɗi.

Malam Isa, Gidar

Allah ya ƙara wa Dokta sani. Ni gidan wanzamai na fito, ko da yake koyarwa nake yi, kuma na san inda irin wannan magana takan nufa. Iyayenmu sun cire belu ga jarirai da manya tun kafin a gina asibiti a garinmu. Shin Dokta yana nufin jinin da akan samu wani lokaci bayan cire belu daga wannan jijiya yake?

Dokta Yaya, Garwa

Malam Isa, ba haka nake nufi ba, kuma ba zan ɗora wa wanzamai abin da ba nasu ba. Belu yana rataye ne a tsakiya, jininsa daga ƙananan jijiyoyi yake, matsalolin da muke gani bayan cire shi su ne zubar jini daga waɗannan ƙananan, da ƙwayoyin cuta, da tetanus, da jaririn da ya kasa shan nono, kuma saboda su ne ba na goyon bayan al'adar. Abin da ya shafi maganarmu ta yau shi ne sakiya a cikin maƙogwaro, wato a ga kumburi a gefe ko a baya a ce bari a fasa. Wannan gargaɗin ya hau kan wanzami, ya hau kan nas a ƙaramin asibitin ƙauye, ya hau kaina ni ma lokacin cire ƙululun gefen maƙogwaro. In za ka isar da saƙo ɗaya gida, ka ce musu duk kumburin da ke bugawa a bar shi.

Dokta Mariyama, likitar hoto, Injamena

Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki tunda mu ne masu rubuta takardar. Damuwar Dokta Fadimatu gaskiya ce, amma maganinta yana cikin yadda ake tsara rubutun. Ina ambaton duk abin da na gani a jikin bayanin, domin wanda zai karanta bayana ya san ban tsallake ba, amma ba na hawar da shi zuwa layin ƙarshe, wanda shi ne kowa ke karantawa, sai in zai canza wani abu. Misali, jijiyar hagu da ke bi ta ramukan ƙasusuwan wuya takan fito kai tsaye daga awota a wajen mutum 5 cikin 100, haka kuma karotid ta hagu takan haɗa tushe da babban reshen dama, abin da rubuce-rubuce da dama suka nuna ya fi yawa a baƙar fata. Irin waɗannan sun shafi mai zura siririyar roba cikin jijiya ne, ba su shafi mai ciwon kai ba, sai in bar su a tsakiya tare da cewa halitta ce marar illa.

Akwai kuma inda rashin sanin halittar ke sa a yi wa mutum maganin ciwon da ba shi da shi, wannan shi ya fi ba ni tsoro. Akwai waɗanda aka haifa babu karotid ta ciki a gefe ɗaya sam, ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, sauran jijiyoyi suka ɗauki nauyin. Mai eko ya ɗora na'ura a wuya bai ga jini na gudu ba, sai ya rubuta cewa ta toshe, daga nan a ɗora mutum kan magungunan tsinka jini a ce yana bakin shanyewar ɓarin jiki. Abin da ke raba gardama ƙashi ne. Karotid tana shiga ƙoƙon kai ta wani rami nata a gindin ƙashin kunne, ramin kuma yana samuwa ne saboda jijiyar tana nan lokacin da ƙashin ke ginuwa. In ta toshe daga baya, ramin yana nan da faɗinsa. In ba a taɓa yinta ba, sai ka ga ƙashi shafe babu ƙofa. Sau da yawa amsar tana cikin hoton da aka riga aka ɗauka, sai dai ba a juya shi zuwa yanayin kallon ƙashi ba.

Cikin gadojin da Hamidu ya ambata, wadda ta fi yawan wanzuwa ita ce mai bin jijiyar saƙon fuska, ana ganinta a ƙasa da mutum 1 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoton jijiyoyin kai, kuma masanin sassan jiki Quain ya zana ta tun 1844. Wani lokaci takan bi ta kusa da ƙullin pituwitari da ke gindin ƙwaƙwalwa, ko ma ta cikin gurbinsa, saboda haka duk wanda za a tura Yawunde ko Tunisiya a cire masa ƙarin wannan wuri ta hanci, dole ta hau layin ƙarshe da manyan baƙaƙe.

Malam Sali, Garwa

Na gode, Dokta. Wata tambaya ta biyo baya daga maganar Dokta Abakar. Tunda abin yana da wannan muhimmanci ga aikin maƙoƙo, shin ya kamata kowane mai maƙoƙo a yi masa sikana da allura kafin tiyata?

Dokta Mariyama, Injamena

A'a, Malam Sali. Ruwan allurar yana ɗauke da ayodin mai yawa, yana iya tayar da maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, ga nauyinsa a kan ƙodar da ba ta da ƙarfi, ga kuɗin da iyali za su biya. Ekon da aka saba yi wa maƙoƙo ya isa a mafi yawan mutane: mai dubawa ya gangara da na'urar zuwa gindin wuya ta dama, ya nemi inda babban reshe ya rabu biyu, ɗaya ya haura kai ɗaya ya nufi hannu. In ya ga rabuwar, hankali ya kwanta. In ya bi karotid har ƙasa bai ga ta haɗu da ta hannu ba, sai ya sanar da likitan tiyata.

Dokta Fadimatu, Marwa

Tsarin Dokta Mariyama na amince da shi, da sharaɗin kalmar marar illa ta fito a rubuce, domin ita ce nake nuna wa ɗan makarantar da ya karanta wa iyali takarda. Inda har yanzu nake da ja shi ne wanda aka haifa babu karotid ɗaya. Ba za a ce masa marar illa ba, tunda an san kumburin bangon jijiya a cikin kai ya fi yawa a irinsu saboda ragowar jijiyoyin suna ɗaukar jini fiye da rabonsu. Amma in na gaya wa manomi daga Mokolo cewa ya riƙa dawowa ana duba shi da IRM, wato hoton cikin jiki na maganaɗisu, na ɗora masa abin da ba zai iya ba, in kuma an ga kumburin, gyaransa ba a yankinmu ake yi ba.

Dokta Mariyama, Injamena

Ba ni da amsar da za ta share wannan gaba ɗaya, Dokta Fadimatu. Abin da nake yi shi ne in tabbatar an duba jijiyoyin cikin kai da kyau sau ɗaya, a wannan zaman da aka gano abin, tun allurar tana jiki, domin kada a sake kiransa ya biya wani kuɗi. In babu kumburi, abin da ya rage yana hannunku ne: a riƙe hawan jininsa, ya bar taba, a kuma rubuta a karnensa cewa karotid ɗaya gare shi, domin mai sa barci a tiyata kada ya bari jininsa ya faɗi ƙasa sosai, likita kuma kada ya danne ko ya ɗaure ta gefen da ke aiki. Sannan a gaya wa iyalinsa cewa in ya yi ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, irin wanda bai taɓa yi ba, a kawo shi a ranar, kada a tsaya gwada maganin zazzaɓi.